Wanda Ya Hau Jirgi Sai An Rubuta Shi

Wan mijina ya zaɓi tsuntsu a kan marayun ƙanensa. Haka abin ya faru, kuma ba zan rage masa gishiri don yau yana kwance a ƙasa ba. Allah ya jiƙan shi, na yafe masa tun yana raye. Amma yafiya daban, mantuwa daban.

A lokacin muna cikin jihar Sakkwato, ba a yanka mana Zamfara ba tukuna. Muna zaune a wani ƙauye bayan Dauran, in ka bar hanyar Zurmi ka gangara wajen gulbi. Mijina ya rasu da bazara, ya bar ni da ɗiya huɗu da gona guda. Gonar ƙasar laka ce, gero bai sonta, dawa kaɗai take yi. Ina fita takaba na ɗaure zane na ɗauki kalme. Mutane suka yi ta surutu, wai mace a gona kamar wadda ba ta da dangi. Na ce wanda abin ya ba kunya ya aiko mini da hatsi in koma ɗaka in zauna. Ba wanda ya aiko.

Damina ta yi kyau a shekarar. Dawata ta tashi ta fi tsawon namiji, ta fid da kai, ƙwayar ta fara ruwan nono. In ka matsa ta da farce sai farin ruwa ya fito. Ina cikin lissafin rumbu sai ga jan-baki.

Wanda bai taɓa ganin jan-baki ba zai ce mene ne abin tsoro a tsuntsun da bai kai dunƙulen yaro ba. To, ba ɗaya yake zuwa ba. Da safe za ka hango kamar hayaƙi ya taso daga wajen gulbi, yana lanƙwasa yana miƙewa, sai ka ji ƙara kamar ruwa na tahowa. In suka sauka a gona karan dawa har sunkuyawa yake yi. Kuma ƙwaya mai ruwan nono suka fi so. Muka kafa rumfa mai tsawo a tsakiyar gona, muka ja igiyoyi muka rataya gwangwanaye, ɗiyana suna ja suna ihu suna jifa da majajjawa tun fitowar rana har faɗuwarta. Ka kore su nan, su sauka can.

Ga wan mijina kuwa, zuwan tsuntsun nan arziki ne. Gonakinsa na tudu ne, gero ya shuka, kuma ya riga ya yanke ya kai rumbu. Shi da wasu mazan garin suna da raga. Da magariba in tsuntsayen suka koma makwancinsu, sai su lallaɓa su rufe su, su cika buhuna. Matan gida mu fige, a soya da gishiri da yaji, a kai kasuwar Shinkafi, a kai tashar jirgin ƙasa ta Kaura. Ni ma na fige, har farcena ya yi baƙi. Ba zan yi masa ƙarya ba, shi ma iyali gare shi, kuma a wata guda na tsuntsu yana samun abin da bai samu a damina. Amma tsuntsun da yake soyawa da dawar marayu ya yi ƙiba.

Makwancin kuwa sirri ne a tsakaninsu. Yana hayin gulbi, cikin wata sarƙaƙiya da ruwa ya kewaye, mota ba ta zuwa, doki ma sai ya sha wahala. Ni na san wurin don matarsa ta kwanta ciwo, aka sa ni kai wa masu ragar abinci. Na haye gulbin a kan gora, na bi ta gindin wata kuka mai rassa biyu kamar mutum ya ɗaga hannu yana addu'a, na wuce tsohon mashekarin Fulani, sai ga shi. Mace mai ɗauke da ƙwarya ba wanda ke ɓoye mata hanya, don ba a ɗauka tana kallo ba.

Ana nan sai gwamnati ta aiko da jirgin feshi. Aka share wani fako tsakanin Dauran da Zurmi, aka tsince duwatsu, aka kawo gangunan mai da na magani daga Kaura. Ranar da ya sauka har tsofaffi sun fito. Ƙarami ne, kujerarsa biyu, da fanka a hanci. Malamin gona, wani ɗan Kaura mai son gyaran hula, ya nemi wadda za ta riƙa dafa wa ma'aikata abinci, na ce ga ni. Yara na gona, ni ina fako, in na sauke tukunya in koma wurinsu.

Direban jirgin mutumin Filato ne, Kirista, gajere mai faɗin kafaɗa. Hausarsa irin ta bariki ce, amma ba ya kuskuren gaisuwa. Mama yake ce mini, ko da yake ban girme shi da wani abin kirki ba. Abin da ya fara haɗa ni da shi tuwo ne. In ya sauko daga jirgi, ga tuwo da zafinsa na ajiye, sai ya wuce shi. Ya buɗe wata jaka ya ɗauko littafi mai baƙin bango, ya ɗora a kan fiffiken jirgi, ya dubi agogo, ya yi ta rubutu. Kafin ya gama tuwo ya yi fata.

Rana ta uku na gaji. Na ce, "Direba, in tuwona bai yi maka ba ka hwaɗi, in daina ɓarnar itace."

Ya yi dariya. "Mama, tuwonki ya fi na matata, amma kar ki gaya mata."

"To mi kake rubutawa kullum kamar mai bin bashi?"

Sai ya kira ni ya nuna mini. Ni a lokacin baƙi ɗaya ban sani ba, na boko ko na ajami. Abin da na gani layuka ne sun sauko sun raba takardar gida-gida, kamar kunyoyin gona. Ya riƙa ɗora yatsa yana faɗa. Wannan gidan na kwanan wata ne. Wannan na irin jirgin da lambar da ke jikin wutsiyarsa. Nan inda na tashi, nan inda na sauka. Nan lokacin da na bar ƙasa, nan lokacin da na dawo, nan jimlar abin da na yi a sama. Nan ko da rana ne ko da dare. Nan ko ni ke riƙe da jirgin ko wani ke koya mini. Nan sau nawa na sauka. Sai gida na ƙarshe, mai faɗi, inda yake rubuta aikin da ya kai shi sama, da wanda ya ɗauka in ya ɗauki wani, da duk abin da ya faru da ba a saba ba. Ya ce akwai littafi na biyu, na jirgin kansa, shi ma sai an zuba masa awowin, don injin yana da iyakar da in ya kai dole a kai shi a buɗe a duba.

Na ce, "Ka ci ka ƙoshi sannan ka rubuta mana."

Ya ce, "In na ci na manta. Ƙoshi yana ƙara minti ko ya rage."

Da alƙalamin tawada yake rubutu, ba fensir ba. Na ga ya yi kuskure sau ɗaya, bai goge ba, bai yage takardar ba. Ya ja layi guda a kai yadda ana iya ganin abin da ke ƙasa, ya sa hannu a gefe. Na tambaye shi, ya ce littafin da aka yage wa takarda ya zama maƙaryaci ko da sauran duk gaskiya ne. Na riƙe wannan maganar. Da na shiga ajin yaƙi da jahilci a Kaura, furfura ta riga ta cika mini kai, malamarmu ta sha fama da ni a kan in riƙa gogewa. Har yau layi nake ja.

Jirgin ya fara da wajen Shinkafi, ya yi kwanaki yana zuwa yana dawowa. Yadda aikin yake, ba gona ake fesawa ba, makwanci ake nema. In rana ta kusa faɗuwa tsuntsaye sun taru, sai jirgi ya bi ta kansu ya sake magani. Don haka dole wani ya nuna wurin. Da aka zo kanmu, malamin gona ya je wurin mai gari, mai gari ya haɗa shi da waɗanda suka san daji. Su wa suka san daji? Masu raga. Wan mijina da kansa ya shige gaba. Suka kai shi wani kurmi a wannan gefen gulbin, inda tsuntsun ya kwana bara. Ga kashin tsuntsu fari fat a ƙasa, ga tsofaffin sheƙa. Malamin gona ya ga shaida, ya kafa tutoci, aka hura wuta don direba ya gani daga sama. Da yamma jirgi ya je ya zuba magani.

Washegari hayaƙin nan ya taso daga hayin gulbi kamar kullum, ko gashi ɗaya bai ragu ba.

Na dawo daga gona na tarar da wan mijina a zaure yana gyaran raga, yana ba abokansa labari suna ƙyaƙyatawa. A al'ada matar ƙane ba ta tsayawa gaban wan miji ta yi dogon zance. Na durƙusa na gaishe shi yadda ya kamata, sannan na ƙi tashi.

Na ce, "Yaya, itace anka yi wa feshi jiya."

Bai ɗago ba. "Ke aka aiko ki duba?"

"Dawar ɗiyan ƙanenka ta kusa ƙarewa."

"Allah shi ka ba da abinci, ba jirgi ba. In dawa ta ƙare, gidan ga ba a kwana da yunwa."

"Ba a kwana da yunwa, amma ana kwana da gori."

Sai ya ajiye ragar ya dube ni, abin da bai taɓa yi ba tun da aka kawo ni gidan. Ya ce, "Ji nan. In anka zuba guba can, ba mai sake cin tsuntsu bana, kin ko san gida nawa ka ci da shi? Na san kin san hanya. In nij ji bakinki cikin maganar ga, gonar nan ta marayu ce, ni ne waliyyinsu, ba ke ba. In amshe ta in riƙe masu har su girma. Ki tashi."

Na tashi. Yana da ikon ya faɗi haka, kuma na san zai iya. Gonar a hannuna take don bai ga amfaninta ba, ba don wani ya rubuta mini ita ba.

Da na kai abincin rana fako, na tarar direba da malamin gona suna ta gardama da Turanci a inuwar fiffike. Na ajiye kwano na ce, "Kun yi wa itace wanka da maganin gwamnati."

Malamin gona ya taso. "Ke wa yat tambaye ki?"

Direba ya ɗaga masa hannu. "Mama, kin san inda suke?"

Na ce na sani. Na ba su kwatance, kuka mai rassa biyu, tsohon mashekari. Direba ya girgiza kai. Ya ce daga sama kukoki duk ɗaya ne, kuma sarƙaƙiya uku ya gani a hayin, ba zai iya cewa wannan ce ba. Ya buɗe littafin jirgin ya nuna wa malamin gona wani wuri, sannan ya juyo ya faɗa mini da Hausa. Awowin da suka rage wa injin ba su fi na tashi biyu ba, bayan na komawa inda za a duba shi. Tashi ɗaya na leƙe da safe, ɗaya na feshi da yamma. Maganin ma na zubi ɗaya ya rage. In aka sake kuskure, shi ke nan sai baɗi. Hanyar ƙasa kuwa, kafin a haye gulbi a kafa tuta masu raga sun gani sun tayar da tsuntsun. Abin da yake so, wanda ya san wurin da ƙafarsa ya zauna kusa da shi gobe da safe ya nuna masa da yatsa.

Muka dubi malamin gona. Ya gyara hula. Kowa a fakon ya san ranar da aka ɗaga shi sama a wajen Shinkafi, abin da ya ci da safe a cikin hular nan ya dawo da shi. Kuma ko ya hau, bai san wurin ba.

Na ce, "Ni zan hau."

Na faɗa kafin in yi tunani, da na yi tunanin kuma ban janye ba. Amma na kafa sharaɗi. Na gaya masu abin da wan mijina ya ce. Na ce zan zo da sassafe in lulluɓe, masu gadin jirgin duk 'yan Kaura ne ba su san kowa a garinmu ba, in nuna in sauka in koma kan tukunyata, kar sunana ya fito ko'ina.

Malamin gona har fuskarsa ta washe. Ya ce, "Wannan mai sauƙi ne. Kai direba, sai ka rubuta sunana cikin littahinka, ni nih hau, ni nin nuna. Dama aikina ne. Ita ta tsira da gonarta, ni in tsira da cikina."

Ni ma na ga dabara ce mai kyau. Har na fara gode masa.

Direba ya rufe littafin ya ce, "A'a."

"Don mi?"

"Ba na rubuta wanda bai hau ba. Ba na barin wanda ya hau."

Malamin gona ya ce masa rahoton da shi zai kai Zurmi daga littafin nan ake ɗebo shi, kuma a gaban hakimi da masu gari ake karantawa, wa ya nuna, ina aka fesa. In sunan matar nan ya shiga, kafin la'asar ya isa zauren wan mijinta. Direba ya ce ya gane, kuma abin bai yi masa daɗi ba, amma a'a.

Nan na hau shi da faɗa. Na ce, "Kai wane irin mutum ne? Layi guda cikin takarda ya hi maka abincin marayu? Wa zai sani? Littahin nan aljani ne da zai tashi ya tona ka?"

Ya bar ni na gama, sannan ya ce, "Mama, zauna." Na ƙi zama. Ya ce, "To tsaya. Jirgin nan yana faɗuwa. Ba na fata, amma yana faɗuwa. In muka faɗa cikin gulbi gobe, mutanena za su buɗe abin da na bari a ƙasa su ga sunan malamin gona, ga shi kuma zaune yana shan fura. Ke kuma ba wanda zai neme ki, don ba ki hau ba. Yaranki za su ce uwarsu ta fita da safe ta ɓata. Wa zai ba su haƙƙinki? Wa zai ce masu ga inda take?"

Na ce, "In na mutu na mutu."

"Ke kin huta, su fa?" Ya jawo nasa littafin mai baƙin bango ya bubbuga. "Kuma wannan shi ne ni. Duk inda na je neman aiki ba fuskata ake dubawa ba, shi ake buɗewa. Wanda zai ɗauki jirgin nan bayana bai san ni ba, abin da na rubuta zai yarda da shi ya ɗora ransa a kai. In na saba sa ƙarya ƙarama don tausayi, wata rana zan sa babba don kunya. Ko uwata ce ta hau, sai na rubuta ta."

Malamin gona ya ce, "Kai dai taurin kai gare ka kamar jakin Zurmi."

Ya ce, "Na ji. Mama, zan tashi in rana ta fito. In kin zo, da sunanki. In ba ki zo ba, zan je in gwada sa'ata, ba zan riƙe ki a zuciya ba."

Na kwashe kwanonina ban yi masa sallama ba. A hanya na zage shi, na zagi littafinsa, na zagi wanda ya ƙirƙiro takarda. Yanzu na san ko da ya yarda asirin ba zai rufu ba, a ƙauye kaza ma in ta yi tari an ji. Amma a lokacin lissafina shi ne, jita-jita kana iya cewa a kawo shaida, abin da aka karanta gaban hakimi kuwa ba ka da bakin musu.

Ban wuce gida ba, gona na nufa. Rana ta yi sanyi, tsuntsayen suna cin na ƙarshe kafin su koma. Na hango 'yar autata a kan rumfa tana jan igiya, bakinta a buɗe tana ihu, amma ba abin da ke fita. Muryar ta mutu tun shekaranjiya. Babban kuma hannunsa ya kumbura da majajjawa. Na shiga cikin dawa na kama kai ɗaya na murza a tafin hannu, na hura. Ƙaiƙayi. Na kama na biyu, rabi. Can ƙasa wajen laka, inda ta yi jinkirin nuna, da sauran ƙwaya cike. In aka tsayar da su gobe, za mu ci wani abu. In aka ƙara kwanaki kaɗan, kara za mu girba.

A nan tsaye na yi lissafin da ban yi a fako ba don fushi. In na yi shiru, gona tana hannuna amma babu komai a cikinta, mu koma cin tuwon gori a gidan wan miji, kuma mai ciyar da kai shi ke da gonarka ko bai amsa ba. In na hau, zai iya amshewa. To amma mutum ne. Mutum ana kai shi gaban liman, ana kai shi gaban alƙali, ana tara masa dangi. Tsuntsu ba a kai shi ƙara ko'ina. Sannan wani abu ya faɗo mini. Rubutun nan da nake gudu, me zai ce? Zai ce ranar kaza wance ta hau jirgi ta nuna makwancin abin da ke cinye dukiyar marayu. In ana neman wanda ya tsare masu dukiya, ni takardar za ta nuna, ba waliyyinsu ba. Tun da aka haife ni ba a taɓa rubuta na yi wani abu ba. Na daka, na haifa, na noma, duk iska ta kwashe.

A hanyar gida na ratsa ta rugar da ke bakin gulbi, wurin wata Bafulatana da muke ƙawance, ita ke kawo mini nono. Na ce ta gaya wa mazansu gobe kar shanu su sha ruwa a hayi, kuma kar yaro ya tsinci mataccen tsuntsu. Ta dube ni ta ce, "Ke kam za ki ja wa kanki." Na ce na riga na ja.

Abin da ya biyo baya dogo ne, ba shi na zauna rubutawa ba. An yi zama gaban liman, an yi na gaban dangi, an daɗe wan mijina bai amsa gaisuwata, kuma akwai gidajen da har yau jikokinsu ke kallona a karkace. Gonar dai babban ɗana ke nomanta. Amma a safiyar nan ban san ko ɗaya daga cikin wannan ba.

Na yi sallar asuba, na ɗaura zanen da nake zuwa biki da shi, ban lulluɓe fuska ba. Na jira har wan mijina ya dawo daga masallaci ya zauna a zaure. Na durƙusa.

"Yaya, ina kwana."

"Lahiya."

"Za ni fako in hau jirgi in nuna masu makwanci. Na ce ka ji daga bakina kahin ka ji daga Zurmi."

Ya ajiye carbinsa. Sannan ya ce, "Kin ji abin da nic ce jiya."

"Na ji, Yaya. Sai na dawo."

Na miƙe na kama hanya. Raɓa ta jiƙa mini zane har gwiwa. Ina isa fako rana na ɓullowa, an riga an cire wa jirgi rigarsa, direba yana zagaya shi yana taɓa nan yana leƙa can. Da ya gan ni bai yi mamaki ba, bai kuma yi mini wa'azi ba. Ya ɗauko littafin ya ɗora a fiffike, ya cire murfin alƙalami, ya kuma fitar da wata takarda da za ta zauna a ƙasa wurin mai gadi.

Ya ce, "Sunanki, Mama."

Na faɗi wanda ake kirana da shi a gari, uwar wane.

"Ba wannan ba."

Na ce matar marigayi wane.

"Ba wannan ba. Naki. Wanda aka yanka rago a kansa."

Rabon da in ji sunan nan a bakin wani tun ina gidanmu. Na faɗa masa, na haɗa da na ubana. Ya rubuta a takardar mai gadi, ya rubuta a gida na ƙarshe mai faɗi. Na ce ya nuna mini inda yake. Ya ɗora yatsa. Na duba, wasu 'yan ƙugiyoyi ne da sanduna, tawadar ba ta ko bushe ba.

Na ce, "Ka tabbata ba ka rage komi ba?"

"Ban rage ba."

"To ina ake taka ƙahwa?"

Ya nuna mini wani ɗan ƙarfe a ƙarƙashin ƙofa. Na tattare zanena, na yi bisimilla, na taka.